Sunan Yaya a Sashen Godiya

Babu littafin Yaya ko ɗaya da ba shi da shatin gindin kofi a bangonsa. Na lura da haka ne a makon da na koma gidanta da zama, bayan na gama jami'a ina jiran aiki. Ɗakin karatu na mijinta ne, har da makulli. Ita kuwa ƙarshen teburin cin abinci ne ofishinta, ɓangaren da ke jikin taga, kuma duk baƙon da aka kawo wa shayi, in ya rasa inda zai ajiye kofi, sai ya ɗora a kan littattafanta. Ba ta taɓa ce wa kowa ya ɗauke ba. Takan jira baƙo ya tafi, ta sa gefen gyalenta ta goge.

Su biyun duk suna da digirin dakta, a sashe ɗaya suke koyarwa, amma a gidan mutum ɗaya ake kira Dakta. Ita Malama yake ce mata. Ni kuma Sakatariya, don ni ke buga musu takardu a kwamfuta.

Littattafan goma sha ɗaya ne, aikin shekara shida. Mata ɗari huɗu da goma sha biyu ne a ciki, masu dafa abincin sayarwa a bakin hanya, waɗanda ke wuni a kan murhu cikin hayaƙin itace da gawayi. Duk wata uku Yaya takan bi su ɗaya bayan ɗaya da wata 'yar na'ura da ake hurawa, ta auna ƙarfin numfashinsu ta rubuta. Goma daga cikin littattafan lambobi ne zalla. Na sha ɗayan ƙarami ne, kore, shi kaɗai ke faɗin wace ce lamba ɗaya, wace ce lamba ɗari biyu, da inda kowacce take kafa murhunta. Matan ba su yarda sun hura na'urar ba sai da ta rantse musu babu wanda zai ga wannan littafi. Ranar da aka ji mai abinci tana da ciwon ƙirji, ranar cinikinta ya mutu, in ma ba a zo an tashe ta daga wurin ba. Har a gida da lamba take kiransu. Sai ka ji ta shigo tana cire takalmi tana cewa, "Auta, lamba tamanin da takwas ta haihu, namiji."

Aikin Yaya a jami'a na wucin gadi ne. Doka ta ce ba a tabbatar da malami sai ya kawo maƙala ko da ɗaya ce da ta fito a mujallar ƙasashen Turawa da sunansa a kai. In wa'adi ya cika babu, sallama ce. Wata goma sha ɗaya suka rage mata ranar da ta miƙo mini rubutun.

"Ga shi, ki buga mini. In kin ga kuskure ki faɗa, kada ki tsaya jin kunyata."

Ban ga kuskure ba. Na buga, na ajiye shi da sunan "na ɗaya". Halina ne ba na goge tsohon kwafi. Ko kalma ɗaya aka canza, sai in buɗe sabo in ba shi lamba ta gaba. A shafin farko na na ɗaya, suna ɗaya ne tak a ƙarƙashin kan maƙalar.

Mujallar farko kwana biyu ta yi ta dawo da shi. Layi uku: sun gode, amma batun na wani yanki ne can, ba zai ja hankalin masu karatunsu ba. A watan nan dai mujallar ta buga bincike kan mutum talatin 'yan ƙasarsu masu gasa nama a bayan gidajensu ranar hutu. Ni na nuna wa Yaya, daga baya na yi da-na-sani.

Ta biyu wata biyu ta riƙe shi. Mai tantancewar bai taɓa lissafinta ba, bai ce uffan kan matan ba. Cewa ya yi a nemi wanda aka haifa da Turanci a bakinsa ya gyara rubutun, don da ƙyar ya fahimta. Bai nuna jimla ko ɗaya da ta gagare shi ba.

Dakta ya karanta wasiƙar muna karin kumallo, ya yi dariya har da buga tebur.

"Malama, an ce Turancinki da saura. Sakatariya, ko ke ce kika zuba musu namu na gida?"

"Wa ya gyara maka kundinka, shafi ɗari uku?" in ji Yaya.

"Haba, wasa nake yi. Ke matsalarki ba a miki wasa."

Ta uku ce ta karya mata gwiwa. Bayan wata uku suka rubuto cewa suna shakkar a iya yin irin wannan awo daidai a wuri irin namu, har shekara shida, ba tare da sa idon wata sananniyar cibiya ba. Yaya ta karanta sau biyu. Sai ta ɗauko na'urar ta kwance ta, ta goge kowane ɓangare, alhali a goge take.

"Ni tun farko na san haka za a yi," in ji Dakta, wannan karon ba dariya. "Mutanen nan ba rubutu suke karantawa ba. Suna suke dubawa da adireshi. Da sun ga sunan da harshensu ba ya iya juyawa, an gama."

"To in canza suna?"

"Ki jingina da mai suna. Ga Farfesa nan."

Farfesa shi ne Baturen da ya duba karatun Dakta a ƙasar waje. Hotonsa na rataye a falo, sama da hoton aurensu, ya dafa kafaɗar Dakta suna murmushi.

"Me zai yi a aikin?"

"Zai duba."

"Ya taɓa shaƙar hayaƙin murhu?"

"Malama, wata nawa suka rage miki?"

Ta ƙirga da yatsu. Shida ne ba su cika ba.

"Kuma ni ya sani, ba ke ba. In bai ga sunana a ciki ba, ko buɗewa ba zai yi ba."

Haka na buɗe "na biyar": Yaya, Dakta, Farfesa. Bayan mako biyu saƙo ya zo cewa wata ɗalibar Farfesa ta sake zana jadawalan da launuka, kuma a tsarinsu wanda ya shirya maƙala don bugawa shi ke zuwa farko. Na buɗe "na shida", na sauko da Yaya ta biyu, ƙarƙashin wata da ko a taswira ban tabbata ta san inda muke ba. Yaya ta dubi shafin ta ce, "Bar shi. Doka dai suna ta ce, ba ta ce na farko ba."

Mujallar nan ta biyu suka mayar wa, wadda ta ce Turancin bai fahimtuwa. Kan maƙalar kawai aka canza. Na ajiye na biyu da na shida gefe da gefe, na bi su layi-layi da ɗan yatsa. Babu jimla ɗaya da ta bambanta. Cikin mako uku amsa ta zo: aiki ne mai muhimmanci, an rubuta shi da fasaha, za su buga.

Wasiƙar ba a nan ta ƙare ba, amma iya nan Dakta ya karanta wa Yaya. Ta rungume ni har gyalenta ya zame.

Washegari da hantsi, ta tafi aji, ya kira ni ɗakin karatunsa. Wannan ne karon farko da na zauna a ciki. Ya juyo mini da kwamfutarsa.

"Karanta sakin layi na ƙarshe."

Editan ya ce sun lura biyu daga cikin marubutan mata da miji ne. Sun sha ganin yadda a wasu yankunan duniya ake cusa sunan iyali a aikin da ba su yi ba, don haka a bar wanda ya yi aikin a cikinsu kawai. A sama Farfesa ya ƙara nasa: "Abokina, kada wannan ya dame ka. Za mu gode wa uwargida a ƙarshen maƙalar, na san za ta fahimta."

Babu wanda ya tambayi wane ne ya yi aikin a cikin su biyun. Sun riga sun yanke.

"Buɗe sabo," in ji Dakta. "Ki cire ta daga sama, ki kai ta sashen godiya."

"Amma Dakta, ai..."

"Ai me?"

Tun ina ƙarama haka nake, magana takan zo har maƙogwaro ta koma.

Ya sassauta murya. "Ƙanwata, ke mai ilimi ce, ki duba da kyau. In na yi musu gardama, su fasa bugawa, wa ya ci riba? Farfesa ya nema mini gurbin shekara ɗaya a jami'arsu. In na shiga, ƙofa ta buɗe wa gidan nan gaba ɗaya, har ke. Maƙala ta gaba tata ce, sunanta kaɗai. Maganar aikinta kuma ki bar ni da shugaban sashe, abokina ne. Kada ki faɗa mata yanzu, hankalinta zai tashi a banza. Ni zan faɗa mata da kaina in lokaci ya yi."

Na buɗe "na bakwai". Na ɗora alama a kan sunanta, na danna. Ko ƙara bai yi ba. Sannan ya yi mini shifta, ina bugawa: "Muna godiya ga uwargidan Dakta saboda karamcinta da taimakon da ta bayar wajen tattara bayanai." Ko a nan ɗin bai sa sunanta ba.

Wata biyu na yi ina cin abinci kwano ɗaya da ita. Ta saya mini takalmi, wai tukuicin bugu. Ta zagaya wurin matanta ta shaida musu aikinsu zai fito duniya ta gani, wataƙila har a samo musu murhun da ba ya hayaƙi. Ta dawo tana ba ni labarin yadda lamba goma sha tara ta ce ita dai a rubuta cewa abincinta ya fi na maƙwabciyarta, Turawa su sani. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, don shekara shida a bakin murhun mutane ita ma sun bar mata rabonta. Na miƙa mata ruwa. Kullum da safe nakan ce yau zan faɗa, kullum rana takan faɗi ban faɗa ba. Shi ma lokacin nasa bai yi ba.

A allon sanarwa na sashensu ta gani. An manna shafin farko na maƙalar, an ja layi da jan biro a ƙarƙashin sunan Dakta. Tana tsaye tana neman nata, shugaban sashe ya fito ya ce, "Malama, kin ga abin da maigidanki ya yi? Ga abin koyi a cikin gidanki, ke ma ki dage."

Ta dawo da azahar da shafin a hannunta, da ramukan ƙusa a kusurwoyinsa. Dakta yana falo. Ba ta zauna ba.

"Layi ɗaya, Dakta. Layi ɗaya za ka rubuta musu: ita ce ta yi aikin, ni ne aka ɗora. Ko ka ce mu biyu muka yi. Ƙarya ce, amma da na haɗiye."

"Zauna mu yi magana kamar masu ilimi."

"A tsaye na yi aikin, a tsaye zan ji."

"In na ce ni aka ɗora, ai na amsa laifin da suke zargin mu da shi ke nan. Su watsar da maƙalar, su sa mana baƙin fenti, Farfesa ya ji kunya. Matanki ɗari huɗu su tashi a banza. Wallahi matan nan na duba."

"Faɗi lambar mace guda ɗaya da ka taɓa gani da idonka."

Ya ɗauki wayarsa ya ajiye. "Ke dai ba kya ganin nesa. Ba ni na kafa tsarin nan ba, tarar da shi na yi. Turawan nan haka suke, ni ma abin da suka yi mini a can ba ki sani ba. Ki yi fushi da su, ba da ni ba."

"Su ba su san ni ba," in ji Yaya. "Kai ka san ƙarfe nawa nake fita."

Sai ta juyo wurina. Ina bakin ƙofar kicin, sanye da takalmin da ta saya mini.

"Ke kika buga?"

"Ni ce."

Ba fuskata ta duba ba, hannuwana ta duba. Ta daɗe tana kallonsu.

"Kin ajiye na baya?"

"Duk suna nan, Yaya. Daga na ɗaya."

"Fitar mini da su."

Ta kai wa shugaban sashe kwafi bakwai da littattafai goma a cikin kwali, ni na riƙe mata gefe ɗaya. Bai buɗe ko ɗaya ba. Ya tashi ya rufe ƙofar ofis, ya dawo ya rage murya.

"Malama, kowa a sashen nan ya san wa ya yi aikin nan. Amma me kike so in yi? In rubuta wa Turawa cewa Farfesansu ya yi ƙarya? Wa za su gaskata, ni ko shi? Kuma wannan ita ce maƙalarmu ta farko a mujallar nan, har shugaban jami'a ya yi waya. In kika taɓa ta, ba mijinki kaɗai kika kayar ba, da mu duka. Wannan maganar gida ce, a gida ake kashe ta."

"Takardar tabbatarwata fa?"

"Zan yi iya ƙoƙarina."

Ƙoƙarinsa bai kai ƙofar kwamiti ba. Sun zauna minti goma a kan fayil ɗinta. Ɗaya daga cikinsu ya ce sun ga an ambaci uwargidan Dakta, amma sashen godiya ba ya cikin abin da ake ƙirgawa.

Mama ta kira da yamma, Yaya ta sa wayar a kan tebur muna ji tare.

"Yanzu a kan suna a takarda za ki tayar da hankalin gidanki? Sunan mijinki ai sunanki ne. In ya ɗaukaka, wa ya ɗaukaka? Mu da ba mu yi boko ba, wa ya taɓa rubuta sunanmu a wani wuri, kuma ga shi mun rayu. Ki yi haƙuri, ki nemi albarka. Ina Auta? Ki riƙa ba yayarki baki, kin ji?"

Na ce, "To, Mama."

Takardar sallama ta zo a farin ambulan, Dakta da kansa ya taho da ita daga ofis, ya ajiye a kan littattafanta. Aka ce ta mayar da makullin ofis da na'urar awo, tunda kayan jami'a ne. Ta nannaɗe na'urar a tawul ta kai. Da watan zagayenta ya zo, ta shirya da sassafe kamar yadda ta saba, ta rataya jaka, ta kai bakin ƙofa, ta tsaya. Sai ta dawo ta zauna a ƙarshen teburin, da gyalenta da takalminta, har rana ta take. Tun daga ranar ta daina kiran lambobi a gidan. Suna da 'ya ɗaya a makarantar kwana, in ta yi waya Yaya takan ce mata hutu ta ɗauka. Dakta kuwa ya ƙara kirki. Yakan shigo da 'ya'yan itace, ya ce, "Malama, ki huta abinki, dama kin gaji." Aka gayyace shi gidan rediyo ya yi bayani kan hayaƙi da huhun mata. Kafin ya tafi ya tsaya a bakin kicin ya tambaye ta adadin waɗanda suka rasu cikin shekara shidan. Ta ce goma sha bakwai, tana yanka albasa, ba ta ɗago ba.

Sannan aka ce Farfesa zai zo. Maƙalar ta yi suna, an ba shi damar yin kashi na biyu, babba. Za a koma wa matan nan su dai, a sake auna su, a ɗauki hotunansu da bidiyo a bakin murhu don a nuna a taro. Abu ɗaya ya rage: su wane ne, kuma ina suke.

"Koren littafin nan za ki ba ni," in ji Dakta, saura kwana biyu baƙon ya iso.

"Na yi musu rantsuwa."

"Rantsuwar da kika yi wa masu abinci? Ai taimakonsu za a yi. Kuma a wannan karon na yi magana, za a ɗauke ki mai taimaka wa bincike, da albashi. Ke za ki riƙa yi wa ɗalibarsa jagora."

"In nuna mata hanya."

"To wa ya fi ki sanin hanyar?"

Da ta shiga wanka, ya zare littafin daga ƙasan sauran, ya miƙo mini. "Sakatariya, ki buga shi tsaf kafin jibi. Suna, lamba, wuri."

Na kai shi ɗakina na ajiye a kan kwamfuta. Kwana biyu yana nan a rufe. Ba jarumta ba ce. Duk lokacin da na kai hannu, sai in ga yadda Yaya ta kalli hannuwan nan.

Ranar da baƙon zai zo aka kwashe littattafanta goma daga teburin aka tura ƙarƙashin gado, aka shimfiɗa farin ƙyalle. Tun asuba take kicin. Da na je ɗauko tsintsiya, na ga ƙaramar akwatinta a bayan ƙofar falo, a zuge. Ban ce komai ba. Wannan dai na iya.

Farfesa dattijo ne mai fara'a, da furfura da tattausar murya. Da ya zo da girman kai, da abin ya fi mini sauƙi. Ya cire takalmi ba a ce ya cire ba. Ya ga hotonsa a bango ya dafe ƙirji. Ya ci abinci ya ƙara, ya ce wa Yaya da Turanci, a hankali, yana rarrabe kalmomi yadda ake yi wa mai koyo, "Abincinki ya yi daɗi ƙwarai. Mun gode da taimakon da kika yi wa mijinki. Kin taɓa tunanin komawa makaranta? Mata irinki za su iya kaiwa nesa."

Dakta ya yi 'yar dariya ya ce, "Tana ƙoƙari."

Yaya ta kwashe kwanuka ta kawo shayi.

"Akwai abin da na daɗe ina son tambayarka," in ji Farfesa. "A shekara ta uku, mata arba'in sun ɓace daga lissafin har wata shida, sannan suka dawo gaba ɗayansu. A irin wannan aiki wanda ya ɓace ya ɓace ke nan. Yaya aka yi ka samo su?"

Dakta ya gyara zama. "E to, lokacin damina ne. Ka san yanayinmu, mutane sukan yi ƙaura su dawo."

Ba damina ba ce. Titi aka faɗaɗa, aka tashe su da rana tsaka, aka watsar da tukwanensu. Yaya ta bi su a ƙafa, unguwa-unguwa, tana tambayar masu gawayi wa ya koma saye a wurinsu, har ta haɗa arba'in ɗin cif. Ƙafarta ta kumbura, ni na riƙa gasa mata da ruwan zafi lokacin da na zo hutu. Tana tsaye a kansu da butar shayi, ta cika kofin Farfesa, ko digo bai zuba a gefe ba.

"Abin sha'awa," in ji Farfesa. "To, jerin sunayen fa?"

"An gama. Sakatariya, kawo abin da kika buga."

"Ban buga ba," na ce. Muryata ta fito ƙarama, amma ta fito.

Ya dube ni kamar kujera ce ta yi magana. Sai ya yi murmushi saboda baƙo. "Yaran yanzu. Ɗauko littafin kansa."

Na ɗauko. A gaban Yaya na so in ajiye, ya miƙa hannu ya karɓe, ya ajiye a gaban Farfesa. Baturen ya shafa bangon, ya ce zai ɗauki hoton shafukan da wayarsa in ya gama shayi. Ya kurɓa, ya duba inda zai ajiye kofin don kada ya ɓata farin ƙyallen, sai ya ɗora shi a kan littafin.

Na sha tunanin wa ya fi laifi a teburin nan. Editan da bai taɓa ganinta ba ya yanke cewa mace daga wajenmu sai dai a ɗora ta. Farfesa bai tambaya ba, don amsar ba ta da amfani a gare shi. Su na nesa ne, kuma ba da hannunsu aka cire sunan ba. Sai da suka sami wanda ke kwana ɗaki ɗaya da ita ya ce a cire, da wadda suka sha nono ɗaya ta danna.

Yaya ta ajiye butar. Ta zagayo ta ɗaga kofin Farfesa da hannu biyu, ta ɗora shi a kan farin ƙyallen. Ta ɗauki littafin, ta sa gefen gyalenta ta goge sabon shatin tun bai bushe ba, ta saka shi a jakarta. Ta ciro makullan gidan ta ajiye a ƙarshen teburin, ɓangaren taga.

"Za ta yi mana kwafi ne?" in ji Farfesa.

"E, yanzu za ta dawo," in ji Dakta, idonsa a kan makullan. "Malama?"

Ta ɗauki akwatin a bayan ƙofa. Ba ta dube shi ba, ni ma ba ta dube ni ba. Ta taga na hango ta tana ratsa tsakar gida. Ƙofar waje tana da ƙara in an ja ta da ƙarfi, shi ya sa kullum takan ɗan ɗaga ta kafin ta rufe, don kada ta dami Dakta in yana da baƙi. Yau ma haka ta yi.